Yadda Gwamma Ta Raba Talle da Nonon Roba

"Ku matso kusa, ku bar ture-ture. Ga ta nan, ga ta nanku."

"Ta zo mu ji ta, Kaka."

Wata tsohuwa ce ana ce mata Gwamma. 'Yarta ɗaya tal a duniya. Ta haifi namiji, ko suna ba a yi ba ta rasu. Akuyar gidan ce ta shayar da yaron da madararta. Kowa Talle yake ce masa, Gwamma kuwa Maigida take kiransa, yadda kaka ke yi da jikanta.

Ran da aka kai uwar, jaririn nan ya yi kuka har muryarsa ta dushe. Tun daga ranar, in Talle ya buɗe baki zai yi kuka, sai Gwamma ta ga makara a tsakar gida. Wanda ya taɓa binne abin da ya haifa ya san wannan. Ni na sani. Ku dai ku saurara.

Ana nan sai Gizo ya dawo daga birni da wani abu a aljihu. Kun san Gizo da tsamin baki. Ya ce, "Shannu Inna. Ga nonon yoba. Ba ya kawo yuwa, amma yana kashe kuka." Gwamma ta sa wa Talle a baki, ya yi tsit. Ta ba Gizo tuwo, ya cinye, ya tambayi ƙanzo.

Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo ta, wata ta biyo. Talle ya yi rarrafe, ya miƙe, ya iya gudu, roba na baki. In ruwa yake so, ya nuna randa ya ce "mm". In kunama ya gani, "mm". Haƙoransa na gaba suka fara leƙowa waje kamar masu jiran baƙo. Sa'o'insa har sun iya ƙarya, shi ko "Inna" bai taɓa cewa ba.

Wata rana Gwamma za ta tashi daga bakin murhu, gwiwa ta ƙi. Ta koma ta zauna, ta ce a ranta, "Ran da na bi uwarsa, gidan wasu za a kai shi. In yunwa yake ji, da wane baki zai faɗa?" Ta ɗauki sanda, sai gidan Gizo.

Gizo ya ce, "A shafa mata maɗashi." Ya ci tuwo. Gwamma ta shafa maɗaci. Talle ya tsotsa, ya yamutsa fuska, ya dubi kakarsa, ya ci gaba. Da aka kwana biyu, in ba a shafa ba, shi da kansa yake miƙowa a shafa.

Ta koma. Gizo ya ce, "Ki ɓoye, ki she Kuya ta ɗauke." Ya ci tuwo. Gwamma ta ɓoye robar a tukunya, ta ce, "Maigida, Kura ta tafi da ita." Talle ya buɗe baki. Kafin kukan ya kai zaure ta mayar masa da abarsa. Amma magana ta riga ta fita gari. Washegari sai ga Kura ta yi sallama.

Ta ce, "Gwamma, na ci awaki, ban musa ba. Na ci jakin mai tallan gishiri, ban musa ba. Amma roba? Ina da 'ya'ya fa. Da wane ido za su dube ni?"

Gwamma ta ba ta haƙuri. Da Kura za ta fita ta ce, "A gai da Akuya." Akuya ta amsa daga ƙarƙashin gado.

Gwamma ta sake komawa. Gizo ya ce, "Kawo in ajiye miki." Wannan karon ko tuwo bai tambaya ba. Ta bari Talle ya yi barcin rana, ta zare robar, ta kai masa. Talle ya farka, ya laluba baki, ya tsandara ihu. Tsohuwar da gwiwa ta hana tashi, sai ga ta tana gudu.

Ta tarar da Ƙoƙi matar Gizo tana daka. Ƙoƙi ta nuna bayan rumbu da haɓa. Ga Gizo kwance, ya harɗe ƙafafu takwas, ido a lumshe, roba a baki, yana tsotsa cak-cak.

Gwamma ta ce, "Tun yaushe?"

Ƙoƙi ta ce, "Tun kafin a kawo ni gidan nan. Uwarsa ƙwallon goruba take cusa masa duk sanda ya motsa baki, har gemu ya fito masa. Kin ji asalin bakin nan nasa. Robar ma don kansa ya sayo, yunwa ce ta sa ya kai miki."

Gizo ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Gwadawa nake, in ga ko ta yayashe."

Gwamma ta dube shi, sai ta hango Talle da gemu kwance a bayan rumbu. Ta fizge robar, ta wanke ta da toka da tafasasshen ruwa, ta koma gida.

Akuya ta ce, "Gwamma, in faɗa miki gaskiya? Ba yaron nan ne bai yayu ba. Ke ce."

"Ni da furfurata?"

"Ke da furfurarki. Jiya ina kallo, hamma ya yi, kika cusa masa. Shekaranjiya atishawa."

Gwamma ta ce, "To ke da kika yaye 'ya'ya da yawa, yaya ake yi?"

"Ni harbi nake yi, amma ke ba ki da kofato. Ki dubi lokaci. Ban da ranar zazzaɓi, ban da ranar fitar haƙori, ban da ranar tafiya. Yaro yana cin tuwo, yana gudu, lokaci ya yi har ya gota. Ki fara da rana. Ki rataye robar inda yake gani, ki faɗa masa gaskiya, sai lokacin barci. Ki ba hannunsa aiki. In ya yi kuka, ki goya shi."

"Kukan fa?"

"Ki tsaya ki ji shi. Kukan mai rai ne."

Da safe Gwamma ta rataye robar a ƙusa, ta ce, "Maigida, ga ta can, sai barci." Talle ya fasa kuka. Gwamma ta ga makara. Hannunta ya kama hanyar ƙusa, ta janyo shi da ɗayan. Ta goya yaron, ta yi ta zagaya tsakar gida. Sai ita ma nata ya zo, kukan da ba ta samu ta yi ba ran da aka kai 'yarta. Shi yana yi a baya, ita tana yi a gaba, har suka gaji. Suka zauna suka ci ɗumame.

Ta ba shi wake ya ɓare, ya ɓare rabi ya watsar da rabi. Ta ba shi ƙwarya da ludayi, ya hana kaji sakewa. Kuka ya yi ta raguwa. Sannan ta koma kan tsotson lokacin barci, tana bubbuga bayansa tana masa waƙa, wata rana da roba, wata rana ya yi barci bai tuna ba.

Da Akuya ta haihu, Gwamma ta ce, "Maigida, ga jariri ba shi da komai, kai kuwa ga ka babba." Talle ya daɗe yana kallon ƙusa. Ya nuna, aka sauko masa da robar, ya kai wa ɗan akuya da hannunsa. Akuya ta ce, "Madalla," ta karɓa ta cinye.

Gwamma ta ce, "Haba Akuya!"

"Don kada wani ya yi sha'awar komawa. Ban ce ke ba."

Baki ya zama fili, amma magana shiru. Gwamma tana masa hira, yana kallonta. Har wata rana da la'asar ta ajiye masa tuwo. Ya gutsura, ya dangwali miya, ya kai baki, ya ɗago kai ya ce, "Tsohuwa, ba gishiri."

Gwamma ta dafa bango. "Me ka ce, Maigida?"

"Ba gishiri."

Ta ɗanɗana. Gaskiyarsa ce. Ta je ta ɗebo gishiri, ta zuba har ya yi yawa. Wannan ma ya faɗa mata. Tun ranar bai sake yin shiru ba, har maƙwabta suka zo tambayar Akuya ko akwai yadda za a yi ta dawo da robar.

To kun ji. Abin da ke toshe kuka, shi ke toshe magana. In yaro ya kai, a raba shi da roba a hankali, ba da tsoro ba, ba da ƙarya ba, babba kuma ya daure ya ji kukan.

Ƙungurus kan kusu. Wanda idonsa biyu ya naɗe mini tabarma.