Bashin da Malam Tanimu Ya Ɓoye

To jama'a, ku gyara zama. Labarin nan ba na jin za ku tashi bakinku ɗaya a kansa.

A garin Funtuwa an yi wani malamin lissafi mai suna Malam Tanimu. Sakandare yake koyarwa, kuma shi ne na'ibin limamin masallacin unguwarsu. Matarsa Ladidi, 'ya'yansu uku. Babbar ita ce Zuwaira, mai sunan mahaifiyarsa, shi ya sa yake ce mata Uwata. Tela ce, tana aure a Zariya. Mai bi mata Bilyaminu, direban motar hatsi. Sai auta Sa'adatu, wadda ta karanta aikin akanta a jami'a, ta dawo gida ta shekara biyu tana jiran aiki.

Yana da shekara talatin da takwas ya gaji da gidan haya. Mai gida ya yi masa ƙari sau biyu a shekara guda, ga rufi na yoyo a kan littattafansa. Sai ya ji labarin wani banki a Kaduna mai ba ma'aikata rancen sayen gida, a riƙa zara daga albashi har shekara ashirin. Ya je ya sa hannu, ya sayi gida mai ɗaki huɗu. Bankin ya riƙe takardar mallakar gidan, sai ranar da aka gama biya.

Abin da ya hana shi sakat ɗaya ne: rancen akwai kuɗin ruwa a ciki. Mutumin da ke jan sallah in liman ba ya nan, wanda ya sha yi wa 'yan kasuwa nasiha a kan kuɗin ruwa, ina zai sa fuskarsa in aka ji? Don haka bai gaya wa kowa ba, har Ladidi. Da ta tambaya, ya ce tanadi ne na shekaru. Adireshin da ya ba bankin ma na makaranta ne, don kada wasiƙa ta taɓa zuwa ƙofar gida.

Ya ƙudurta abu biyu a ransa. Zai kashe bashin nan a shekara goma sha biyu maimakon ashirin, ya wanke hannunsa ya tuba. Kuma ranar da ya cika hamsin zai ajiye alli, ya koma gonar mahaifinsa ya dasa gwaba da mangwaro.

Kowane ƙarshen wata, ban da abin da ake zara a albashi, sai ya tafi Bakori inda ba a cika saninsa ba, ya shiga shagon masu tura kuɗi ya aika wa bankin ƙari. Ya karɓi 'yar takardar nan da na'ura ke fitarwa, ya ninke, ya jefa a gwangwanin madara. Kuɗin da yake tarawa don ritaya kuwa ya rantse ba za su kwana a banki ba. Duk kaka sai ya sayi masara da waken soya ya ba Alhaji Mamuda, abokinsa tun na makarantar allo, mai sito a kasuwar Ɗandume. Alhaji Mamuda na juya masa, ya sayar da bazara ya sake saye da kaka. Ba su taɓa rubuta ko layi ɗaya a tsakaninsu ba. A ganin Malam, neman takarda wurin Mamuda cin fuska ne.

Gida kuwa ya ji a jikinsa. Nama sai Juma'a. Babur ɗaya, tsoho, sai an tura yake tashi.

"Baba, babur ɗin nan fa ya girme ni," in ji Bilyaminu wata rana.

"Ya kuma fi ka jin magana," in ji Malam. "Tura."

Shekara goma sha biyu cif, ya zauna ya yi lissafinsa sau uku, ya ga bashi ya mutu. Ya miƙa takardar ajiye aiki. Ya yanka rago, aka yi walima, mutane na cewa ta ritaya ce, shi kuwa ya san ta mece ce. Saura ya je Kaduna ya karɓo takardar gida. Amma ya ji an ɗauki wani ɗan unguwarsu gadi a bankin, sai ya riƙa ɗagawa. Bayan kaka. Bayan azumi. Bari yaron nan ya canza wurin aiki.

Wata goma da ritayarsa, wata Talata da hantsi, ya dawo daga gona ya tarar da mutane a ƙofar gidansa, har da liman. An manna wata takarda a jikin ƙyaure. Ladidi ba ta yi boko ba, ta kira Sa'adatu ta karanta. Sa'adatu kuwa ta fara karantawa da ƙarfi, tana fassarawa, kafin ta fahimci abin da bakinta ke faɗa. Bankin ya ce tunda albashi ya tsaya, wata goma ba a biya ko kwabo ba. Ya ce saura shekara takwas na bashi, da kuɗin ruwansa. Ya ce an aika wasiƙa shida ba amsa. Nan da kwana ashirin da ɗaya za a yi gwanjon gidan.

Liman ya sunkuyar da kai. Ladidi ta juyo ta dubi mijinta kamar yau ta fara ganinsa.

"Malam, wane bashi?"

Ya buɗe baki zai ce ya biya, wallahi ya biya. Maganar ba ta fito ba. Ƙafarsa ta dama ta saki, ya zube nan bakin ƙofa.

A asibiti aka ce hawan jini ne ya shanye masa ɓarin jiki. Yana ji, yana gani, hankalinsa garau, amma harshe ya ƙi, hannun rubutu ya mutu. Yana kwance ya ji an binciko gwangwanin madara a ƙarƙashin gadonsa, zuciyarsa ta ɗan yi sanyi. Aka zazzage shi a gabansa. Takardu sama da ɗari. Sa'adatu ta warware ta farko, fara fat. Ta biyu, fara. Duk tawadar ta goge, ashe irin takardar nan ba ta riƙe rubutu ya daɗe. Shekara goma sha biyu na cin tuwo ba nama, ga su nan zube a kan zanen gado ba harafi ko ɗaya.

Ladidi ta ɗauki guda ta juya ta gaba da baya. "Har takardunsa sun koyi halinsa," ta ce. "Ba sa faɗa."

To, ga abin da 'ya'yan nan uku suka yi.

Zuwaira ta baro Zariya ana saura mako biyu babbar sallah, da ɗinkin mutum arba'in a gabanta. Ta mayar wa kowa yadinsa, ta san rabinsu ba za su sake dawo mata ba. Ta zauna a gefen gadon mahaifinta. Kowa na jin gurnani kawai in ya motsa baki, ita kuwa ta lura idonsa na cika da hawaye duk lokacin da aka ce babu shaida. Ta sa yatsanta a hannunsa na hagu.

"Baba, ni ce Uwarka. In eh ne ka matsa sau ɗaya, in a'a ne ka bari. Akwai wani wurin da ka rubuta?"

Ya matsa.

Daga nan ta shiga lissafa masa kayan gida ɗaya bayan ɗaya. Akwati? Durowa? Bayan hoto? Cikin matashi? Yana gajiya ya yi barci, ta jira ya farka ta ci gaba. Kwana huɗu suna haka. Bilyaminu ya ce ta ƙyale tsoho ya huta, likita ma ya yi mata faɗa. Rana ta biyar, da ta rasa abin ambata, ta ce cikin wasa ko babur. Ya matse yatsan har sai da ta ji zafi. A ƙarƙashin kujerar babur aka sami tsohon littafin makin ɗalibai nannaɗe cikin leda. Ashe duk takardar da ya karɓa sai ya kwafe lambarta da kwanan wata da adadin kuɗin, da jan biro, kamar mai duba jarrabawa. A shafin ƙarshe kuma an rubuta: Mamuda, buhu ɗari biyu da sittin.

Bilyaminu ya karanta layin nan sau biyu, ya zauna a ƙasa. "Buhu ɗari biyu da sittin, mu kuwa muna rabon tsoka ɗaya mu uku."

Bankin ya ce littafin maki ba shaida ba ne. Za a bincika, amma bincike na cin wata biyu, gwanjo kuwa ba zai tsaya ba sai an biya na wata goman nan da tararsa. Bilyaminu ya nufi Ɗandume. A can ya tarar Alhaji Mamuda ya rasu tun bayan ƙaramar sallah, 'ya'yansa na shirin rabon gado. Babban cikinsu ya karɓe shi da mutunci, ya ba shi ruwa, sannan ya ce, "Ɗan'uwa, ba ƙaryata ka muka yi ba. Amma akwai marayu a cikinmu. Ina takarda?"

Babu takarda. Da wani ne, da tuni ya juyo. Bilyaminu kuwa ya san kasuwar hatsi, ya san babu buhun da ke shiga sito sai a kan wani. Ya bi 'yan dako ɗaya ɗaya yana tambaya, har aka kai shi wani ƙauye wurin wani dattijo da ya daina aiki saboda ciwon baya. Dattijon ya ce ƙwarai, akwai kayan da Alhaji ke sa a ɗiga wa shuɗin fenti a kunnen buhu, yana cewa na malamin makaranta ne, kada a haɗa da nasa. Bilyaminu ya goyo shi har gaban sarkin kasuwa. Aka buɗe sito, aka ƙirga masu shuɗin kunne, ɗari biyu da sittin cif. Magada suka ce duk da haka sai alƙali ya tabbatar. Bilyaminu ya zaro makullin motarsa, wadda ita ce duk abin da ya mallaka, ya ajiye a gaban sarkin kasuwa.

"Ku ba ni buhu saba'in yau. In alƙali ya ce ba namu ba ne, motar taku ce."

Ya sayar a ranar, da arha, don ba shi da lokacin ciniki. Saura kwana biyu gwanjo ya biya, aka cire takardar daga ƙyaure.

Amma shekara takwas na bashi na nan, kuma ko an sayar da sauran hatsin kaf ba zai rufe ba. Nan Sa'adatu ta ɗauki littafin maki ta tafi Kaduna. A makon ne aka kira ta ganawar neman aiki a Abuja, kira na farko cikin shekara biyu. Ba ta je ba. Kullum tana kan bencin banki tun buɗewa har tashi, har ma'aikata suka laƙaba mata 'Yar Malam. Ta bi lambobin nan ɗaya bayan ɗaya, ta gano inda gizo ke saƙa: mahaifinta ya riƙa turawa cikin babban asusun bankin ba tare da lambar rancensa ba, sunan da ke fitowa kuma na mai shagon Bakori ne. Bankin bai san na wane ne ba, sai ya riƙa tarawa a asusun kuɗin da ba a san mai su ba. Ta je Bakori ta taho da mai shagon ya ba da shaida. Da aka fito da jimillar, manaja ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Shekara goma sha biyu, kuma bai taɓa shigowa ya tambaya ba?"

"Ranka ya daɗe, kunya yake ji."

Manaja ya ce to za a zuba kuɗin a kan bashin daga yau. Ta ce a'a, daga ranar da kowane kuɗi ya shigo, domin tun ranar suke hannunsu. Ta zauna ta yi lissafin wata ɗari da arba'in da huɗu da hannunta, ta rubuta wa shugabannin bankin wasiƙa uku. Bayan mako bakwai suka yarda. Bashi ya mutu, daidai yadda malamin lissafi ya ce.

Lokacin an sallamo Malam Tanimu, yana zama a kujera a tsakar gida, harshe ya fara sakin kalma ɗaya biyu. Sai bankin ya aiko cewa a zo a karɓi takardar gida. Tunda mai ita ba ya iya sa hannu, aka ce ya naɗa wakili guda ɗaya, ba biyu ba, wanda zai karɓa ya kuma riƙe ta a madadinsa. Aka dubi Ladidi.

"Kada wanda ya kalle ni," ta ce. "Ni da na shekara goma sha biyu ina sharar gidan banki ban sani ba."

"A ba Auta mana," in ji Bilyaminu. "Ai ta saba da bencinsu."

"Yaya Bilya, da ba ka biya ba, da bencin zan dawo mana da shi mu kwana a kai," in ji Sa'adatu.

"Ku dai ku gode wa babur," in ji Zuwaira.

Suka yi dariya, amma kowa ya san maganar ta wuce wasa. Wanda aka ba takardar nan, shi uban ya nuna wa duniya cewa shi ya tsare masa gida.

Malam Tanimu ya dubi Uwarsa, wadda ba don ita ba da littafin na nan a ƙarƙashin kujerar babur har a sayar da gidan. Ya dubi Bilyaminu, wanda har yau motarsa ke ajiye a Ɗandume tana jiran alƙali. Ya dubi Auta, wadda aikin Abuja ya wuce ta. Ya ɗaga hannunsa na hagu a hankali zai nuna, hannun ya tsaya a sama.

To jama'a, ga hannun Malam a sama. In ku ne shi, wa za ku nuna a cikin ukun nan?