Talatin da Shida na Mene Ne?

Akwai wata gwauruwa mai sayar da hatsi, wadda ta ƙudura za ta shiga makarantar koyon aikin jinya. Ta zauna jarrabawar shiga, ta faɗi a kimiyya, kuma dama ɗaya ta rage mata. Wata Asabar da hantsi ta tafi wurin ƙanenta, malamin kimiyya, ta ce ya koya mata.

Ya ba ta tambaya: mota ta tashi daga tsaye, gudunta yana ƙaruwa daidai wa daida, cikin sakan goma ta kai gudun kilomita talatin da shida a awa. Nawa gudun yake ƙaruwa kowane sakan?

Nan da nan ta raba talatin da shida gida goma, ta ce, "Uku da ɗigo shida."

Ya ce, "Yaya, talatin da shidan nan na mene ne? Awaki ko kaji?"

Ta ce, "Kai, kada ka raina ni. Rabawata daidai take."

Ya ce, "Daidai take. Amma gudun da awa aka auna shi, lokacin kuwa da sakan. A kasuwa kina auna rabin buhu da tiya, rabi da mudu, ki haɗa ƙirgen?"

Ta sāke duba tambayar. Sai ta mai da kilomita mita, ta mai da awa sakan, ta ga gudun mita goma ne a sakan. Ta sāke rabawa, ta sami ƙarin mita ɗaya a sakan, kowane sakan. Ta ce, "Ba ni wata. Ba zan tashi ba sai hannuna ya saba." Daga ranar ba ta ƙara taɓa lissafi ba sai ta daidaita ma'aunai tukuna.

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Tambayar ita ce rayuwarmu, ma'aunin kuwa Maganar Allah. Da yawanmu ba ragwaye ba ne: muna zuwa sujada, muna addu'a. Amma ranar Lahadi mukan auna kanmu da Maganar Allah, ranar Litinin da abin da maƙwabta suke yi, sa'an nan mu yi mamaki da amsar ta ƙi fita. Kafin ka yanke shawara, a gida ko a wurin aiki, ka tsaya ka tambayi kanka da wane ma'auni kake awo. Ka yi haka yau, ka yi gobe, har ya zama jikinka.

Matar nan ta sāke zama jarrabawar, ta ci.