Sallau da Juyin Hagu na Gindin Gada

An yi wani mutum a wani babban gari, ba sai na faɗi sunan garin ba, wani bawan Allah ana ce masa Sallau. Na baya ku matso, ku saurara. Kun san muryar nan ta cikin waya mai ce wa direba "bi dama, bi hagu"? To, ba aljani ba ne. Mutane ne ke zana mata taswira, su nuna mata inda ake juyawa da inda doka ta hana. Aikin Sallau ke nan a wani kamfani.

Abokan aikinsa daga ofis suke zane, suna kallon hoton titi a kwamfuta. Shi kuwa sai ya je da ƙafarsa, ya tsaya cikin rana ya ga yadda motoci ke shiga da fita. Har tsokanarsa suke yi, wai ɗan sanda marar kaki.

Akwai wata gadar sama a garin, tituna sun sarƙe a ƙarƙashinta kamar taliya. A gindinta akwai giɓi a shingen tsakiyar titi, da allo mai hana juyawa hagu. Nan tankokin mai ke gangarowa daga sama, kuma ginshiƙi yana kare wa mai juyawa ganinsu. 'Yan gari sun sani. Baƙo kuwa abin da waya ta ce shi yake bi.

A tsallaken giɓin akwai gidan man wani attajiri, ciniki ya ja baya tun da aka gina gadar. Ya je ya ga shugaban kamfanin su Sallau, shugaba ya kira Sallau.

"Ka buɗe juyin nan a taswira. Layi ɗaya ne."

"Yallaɓai, na tsaya a wurin. Rai zai salwanta."

"Kai za ka tuƙa motar?"

"A'a, amma ni zan ce wa direba ya juya."

"Ka buɗe, ko ka bar mana aikinmu."

Jama'a, 'ya'ya biyar gare shi, ga tsohuwa a gida. Ya zare katin aiki daga wuyansa ya ajiye a tebur, ya ce, "Hannuna ba zai zana shi ba."

Wani ya zana, don ba a rasa mai zanawa. Kuna tsammanin Sallau ya koma gida ya kwanta? Jan ƙyalle ya ɗaura a sanda, ya je ya tsaya a bakin giɓin. Waya ta ce hagu, Sallau ya ce gaba. An zage shi, an kira shi mahaukaci, bai gusa ba.

Ran nan ga motar haya cike da 'yan biki daga nesa. Direba ya leƙo: "Malam, kauce, waya ta ce nan ne."

"Wayar ba ta taɓa tsayawa a nan ba. Ni na tsaya. Sai dai ka bi ta kaina."

Bai rufe baki ba tanka ta gangaro, birki ya ƙwace, ta share daidai inda motar za ta kasance. Direba ya sauko ya zauna a ƙasa.

Kuna jira in ce an mayar da shi aiki? Ba a mayar ba, har yau lemo yake sayarwa a tasha. Direbobi ne suka tara duwatsu suka toshe giɓin. Wallahi ni dai na fi son lemon nan da kujerar shugabansa.

Nuna hanya amana ce, jama'a. Malami, likita, uba, kai da baƙo ya tsaya ya tambaye ka kwatance, akwai wanda zai juya don kai ka ce ya juya. In an matsa maka ka nuna inda ka san halaka ce, ka ƙi, ko da abincinka ne zai tafi. Mutum goma sha takwas ne a motar nan, kuma duk sun ci tuwon biki.