Bushiya Mai Gishiri a Birnin Marke

Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunne!

Ta zo mu ji ta, Iya!

An yi wani tsohon gari mai ganuwa, Birnin Marke, kasuwarsa na ci ran Laraba tun kaka da kakanni. Al'adarsu, duk wanda ya sa hannu ya sauke wa baƙo kaya daga ka, shi ne mai masaukinsa har kasuwa ta watse. Amma 'yan baya suka lalace da rowa. Tir da su!

Ran Talata da la'asar sai ga Bushiya ɗauke da gishiri, shi ke nan jarinta a duniya. Ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin. In ruwa ya taɓa gishirin nan, ta kaɗe har ganyenta.

Ta je ƙofar Zomo. "Salamu alaikum, maigida, a kama mini."

Zomo ya maida hannuwa baya. "Ɗaki ya cika, baiwar Allah, gaba."

Ta je ƙofar Dila. "Malam, a kama mini."

Dila ya maida hannuwa baya. "Ɗaki ya cika, gaba."

Ƙarya suke yi, wallahi! Ɗakunan wayam, har gizo-gizo ya yi saƙa. Ni abin na ƙona mini rai.

Bushiya ta tsaya tsakiyar hanya, wuya ya ƙage, ta fusata har ƙayarta ta miƙe. Ta ce, "Garin banza! Yau sai na kwana cikinku."

Ta nufi ƙofar Kura, inda mutane ke zaune gindin bango. Ba ta roƙi kowa ba. Ta karkata kai, ta kurma ihu: "Wayyo kilishina! Zai zube!"

Kura ta yi wuf ta cafe kayan, ta dire su a bakin ƙofa, miyau na dalala. Ta kwance. Gishiri!

"Munafuka! Kwashe tsiyarki ki fita!"

"Ina zan je, uwar masauki? Hannun wa ya sauke?"

Mutane suka ce, "Hannunki ne, Kura, a kan idonmu."

Ruwa ya kece. Kura ɗakinta ɗaya tal, dole suka shiga tare. Ta ce a ranta, bari in matse 'yar banza a bango ta fita da ƙafarta. Ta matsa, ƙaya ta soke ta. Ta kai cizo, ƙaya ta cika mata baki. Ta fito a guje tana kururuwa, ta koma gindin bango, ruwa ya yi ta dukanta.

Bushiya ta leƙo ta ce, "Sannu, uwar masauki. Ja mini ƙofar, feshi na taɓa gishirina."

Ku ji da kyau: in baƙo ya tsaya a ƙofarku da kaya a ka, ku miƙa hannu tun yana roƙo. Wanda na kama ya ɓoye hannu, ni da shi ne.

Ƙurunƙus kan jiƙaƙƙiyar kura!