Injiniya da Na'urar Karatun Marigayiya

Akwai wani dattijo, tsohon mai gyaran rediyo, da kowa ke kira Injiniya. Shekara arba'in ya yi a sana'ar, ko hamsin ne, na sha'afa. Abin da na riƙe dai, ba a gyara masa magana.

Matarsa malamar makaranta ce. Da ta rasu, ta bar wata 'yar na'urar karanta littattafai. Takan ja layi a ƙarƙashin jimlar da ta burge ta, ta rubuta ra'ayinta a gefe. Wani wurin ma da shi take: "Wannan sarkin, taurin kansa sai ka ce Baban yara."

Kullum bayan karin kumallo Injiniya yakan karanta rubutun nata guda ɗaya tak, don kada su ƙare da wuri.

Abu ɗaya ke damunsa. Idan na'urar ta huta, hoton alƙaluma take nunawa, shi kuwa fuskar matarsa yake so. Masu ƙera ta sun kulle wannan hanya, sai an ɓalle kullen.

'Yarsa, ma'aikaciyar jinya, ta ce, "Baba, Mama ba ta taɓa haɗa ta da intanet ba. Rubutun nan a cikinta kaɗai yake. Bari Asabar in zo mu kwafe shi tukuna."

"Ke da allura kika sani? Tun ba a haife ki ba nake kwance inji ina haɗawa."

"Don Allah, Baba. Kwana uku ne."

Bai jira ba. Ya jona na'urar da tsohuwar kwamfuta, yana bin umarnin da ya samo. Da aka ce a mayar da ita sabuwa fil, sai ya danna, ya tsallake gargaɗin da ke ƙasa.

Aiki ya yi kyau. Ga hoton marigayiya a fuskar na'urar, tana murmushi.

Ya buɗe ciki. Wayam. Ba littafi, ba layi, ba rubutu. Ko rabinsu bai karanta ba.

Ranar Asabar 'yar ta ɗauko takarda, idonta jawur. "Faɗa min waɗanda ka tuna, in rubuta."

Ya daɗe yana motsa baki. Huɗu ya iya kawowa.

Darasi: Gwanintar jiya ba ta hana ka sauraron na ƙasa da kai. Abin da ba ya da madadi, adana shi kafin ka taɓa shi. Ku tura wa wani, ko Allah zai sa ya jira Asabar ɗinsa.