Ƙundun Kazar Iya Barmani

Jama'a ku matso, ga wata shari'a da ta gagari mutanen wani gida, ku ma ku sa baki.

Wata tsohuwa ce, Iya Barmani, maƙoƙo ya fito mata. Da farko tana rufe shi da mayafi, daga baya har haɗiya ta soma gagararta. Rannan loma ta shaƙe ta, ta ga mutuwa ƙiri-ƙiri, shi kenan ta daina tauna komai. Koko da safe, jiƙaƙƙen kwaki da rana. Ta rame, ko buta ba ta iya ɗagawa. Mijinta Malam ya rasu, sai 'ya'ya uku: Tasalla babba, sai Ilu, sai auta Gambo.

Iya fa ba ta son asibiti, ko sunansa ka kira sai ta juya maka baya. Sai Tasalla ta ce ta shirya su je barka. Iya ta ci ado, mai adaidaita ya sauke su ƙofar asibiti.

"Ke Tasalla, nan ne gidan haihuwar?"

"Iya shiga dai, jaririn na ciki."

Likita ya duba, ya ba da magani, ya ce amma magani ba zai riƙe jikin da babu abinci ba. A rage kwaki, a ba ta nama da kayan lambu, a yi girki da gishiri mai sinadarin aidin, kuma a riƙa rufe shi. Ashe Iya a faifai take baza nata a rana wai kar ya jiƙe, amfaninsa ya bi iska. Tasalla ta sayo sabo ta rufe a gwangwani.

To, ga wata matsalar. Iya ba ta cin kazar gidan gona, wai ƙarni take mata, ga shi ciwo ya share kajin unguwa tas. Guda ɗaya ta tsira, ta Ilu, da ya ɓoye a lambunsa na fadama don ta zame masa iri. Ilu ya kamo ta, ya yanka. Ya haɗo da karas, dankali, albasa da alayyahu, duk na hannunsa.

Sai dai kazar tsohuwa ce, tauri kamar taya, ko mai haƙora sai ya yi da gaske. Gambo mai gashin nama ne a bakin tasha. Ya shafe ta da citta da tafarnuwa da gishirin nan, ya cusa mata kayan lambun a ciki, ya naɗe a takarda, ya ajiye gefen garwashi, ba kan wuta ba. Tun hantsi yake juyawa har la'asar, sai da nama ya saki ƙashi da kansa.

Aka ajiye gaban Iya. Ƙamshi ya bugi hancinta, tsoro kuma ya riƙe mata hannu. Can ta tsinci 'yar tsoka, ta runtse ido, ta haɗiye. Ta wuce lafiya lau! Ta ƙara, ta ƙara, har da suɗe yatsa.

Sai ta lalubo ƙundu. Kun san ƙundu na maigida ne, kuma a gidan nan ba a raba shi. Ta ɗaga ta ce, "Tun da Malam ya tafi gidan nan ba babba. Wanda ya dawo da ni cin abinci shi zai ci wannan, shi zai riƙe gida da gona, maganarsa ce magana."

Tasalla ta ce, "Da ban kai ki asibiti ba, da har yanzu kwaki ake jiƙawa."

Ilu ya ce, "Yaya, maganar likita ake taunawa? Kazar wa aka ci?"

Gambo ya yi dariya. "Kazar taka da haka aka kawo ta, da ita za ta ƙarasa Iya."

Iya ta dubi wannan, ta dubi wancan, duk ta ga gaskiyarsu. Ƙundu na hannunta har ya huce.

To ku fa, in ku ne Iya Barmani, bakin wa za ku sa ƙundun nan?