Gwajin da Suke Kira Mai Aljanu

Akwai wani matashi da abokan aikinsa ke kira Sarkin Sauri. Kamfaninsu ne ke kula da manhajar da mutane ke kiran motar asibiti da ita.

Duk gyaran da aka yi wa manhajar, sai na'ura ta bi shi da gwaje-gwaje kafin ya isa wayoyin jama'a. Idan allon sakamako da ke bangon ofishinsu ya yi kore, a saki gyaran. Idan ya yi ja, a tsaya.

Amma akwai gwaji ɗaya da suke kira mai aljanu. Yau ja, gobe kore, alhali ba a taɓa komai ba.

Wata safiya ya yi ja. Shugabar sashen ta ce, "Ƙanena, bincika min abin da ke kayar da shi."

"Haba Anti, aljanunsa ne suka motsa," in ji shi yana dariya. Ya yi ta sake kunna gwajin har ya yi kore, ya saki gyaran.

Bayan 'yan kwanaki, yana cikin aiki mahaifiyarsa ta kira.

"Babanku ya faɗi a banɗaki! Na danna abin naku tun ɗazu, ba motar da ta zo!"

Nan take ya buɗe kwamfuta. Babu kiran Mama a cikin manhajar. Wani kiran ya shigo lokaci ɗaya da nata, manhajar ta karɓi wancan, ta zubar da nata. Abin da gwajin ke kamawa ke nan: sai kira biyu sun yi karo yake faɗuwa, shi ya sa ba kullum ba.

"Mama, yana numfashi? Mama!"

Sai ya jiyo ihunta daga nesa tana kiran maƙwabta.

Maƙwabcinsu ne ya kai Baba asibiti a motarsa. Likita ya ce da an ƙara jinkiri kaɗan, da sai dai haƙuri.

Washegari Sarkin Sauri ya gyara manhajar, ya sa gwajin ya riƙa turo kira da yawa a lokaci ɗaya. Da hannunsa ya cire maɓallin sake kunnawa.

Har yau, in allon ya yi ja, muryar Mama yake ji.

Darasi: Gargaɗin da ke zuwa jefi-jefi ma gargaɗi ne. Kada ka rufe masa baki, nemo dalilinsa. Ku tura wa duk mai aikin da ran wani ya rataya a kansa.